Babur ɗin Gado Mai Allura

Gado ɗan Matankari ne, amma aiki ya zaunar da shi Dogon Dutsi a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa. Aikinsa allurar shanu. Ofishin dabbobi ɗaki biyu ne da mangaza ta ajiyar kaya a bayan gidan kumandan mai mulkin gari, likitan dabbobin kuwa Bature ne da ke zaune Dosso, sai ya ga dama yake leƙowa. Saboda haka duk garken da ke ƙasar Arewa ta kewayen Dogon Dutsi, tun daga Tibiri har Dogon Kiriya, a wuyan Gado yake, shi da wani doki mai ciwon baya.

Abin da ke cin ransa shi ne maganin bushiya, cutar nan da ke share garke kamar an yi gobara. Daga Yamai ake aiko maganin a kamyo, babbar motar kaya, cikin gorar ƙarfe mai ƙanƙara. Muddin ƙanƙarar na nan, maganin na da rai. Da ta narke, ya zama ruwan banza. A kan doki kuwa ba ya isa Dogon Kiriya sai ya kwana a hanya. Ko da zai isa, gorar ta yi ɗumi. Makiyayan wajen sun ga an yi wa shanu allura sun kuma ga maruƙa na mutuwa, don haka suka daina yarda. Babbansu, Arɗo Yero, in ya hango Gado sai ya ce ga mai huda fatar shanu nan ya zo.

Wata rana Gado na neman igiya a mangaza, ya ɗaga wasu tsofaffin fatu, sai ga babur kwance a jikin bango. Na wani likita ne da ya koma ƙasarsu tun bayan babban yaƙi. Tayoyinsa sun fashe kamar bayan kunkuru, zanzaro ya yi ɗaki a cikin kabireta, gara ta cinye sirdin. Gado ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. A ransa yana auna hanyar Dogon Kiriya: in ya tashi da asuba, kafin rana ta take yana can.

Da Baturen ya zo rangadi ya roƙe shi. Baturen ya leƙa mangaza, ya yi dariya har da tari, ya ce ya ɗauka, ƙarfe ne kawai ya tare wuri. Amma kada ya tambaye shi ko kusa ɗaya, ofis ba shi da ita.

A duk Dogon Dutsi mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe cikin inji, shi ne Kafaran Illo. Tsohon soja ne mai muƙamin kafaran, wato kofur, ya yi aiki a garejin motocin soja a wata ƙasa ta bayan teku, yanzu yana gyaran kekuna da keken ɗinki da fitilu a wata rumfa a bakin kasuwa. Gado ya sa aka ɗoro babur a amalanke aka kai masa. Illo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki, ya taka abin tayarwa ya ji shi ƙam kamar dutse.

"Mushe Gado, wanga moto ya daɗe da mutuwa," in ji shi, don "mushe" yake kiransa, wato malam a bakin Faransawa. "Bizne shi za mu yi ko mi?"

"Tada shi za mu yi, Kafaran."

"To, rumfata ba ta ɗaukar gawa. Kai shi gidanka, ni ka zowa."

Haka babur ya tare a zauren Gado. Matarsa Sa'a ta haƙura a makon farko. A mako na biyu ta nemi babbar tasarta ta wanke hatsi ta rasa, sai ta same ta a zaure cike da kananzir, ƙananan ƙarafa na jiƙe a ciki. Tabarmar baƙi ta yi baƙi ƙirin. Kajinta suna shiga su fito da ƙafafu kamar an yi musu lalle da toka.

"Malam," ta ce, "in baƙo yaz zo, ina za shi zamna? Bisa ƙarhen?"

"Ki yi haƙuri, kwana kaɗan ne."

Ba kwana kaɗan ba ne. Damina ta faɗi suna kan aikin, aka yi noma, gero ya yi kai, suna nan. Fistin ya kafe a ramin inji. Sai da suka yi ta ɗiga masa mai suna bugun katako a hankali kafin ya motsa, da ya fito kuma sai ga zobbansa a kakkarye. Tanki na yoyo ta wuri uku, mai walda da dalma ya toshe biyu, na ukun ya ɓulla bayan an zuba isansi, wato fetur. Tayoyi suka samu a wurin wani Fada na mishan, sun ci hanya amma suna riƙe iska. Manyato, abin da ke ba buji, wato fulogi, wuta, ya sha raɓar shekaru ya ƙi tartsatsi. Illo ya nannaɗe shi a tsumma ya binne a tokar murhun Sa'a mai ɗumi, ya hana ta hura wuta mai ƙarfi har yamma. Ranar tuwo bai dahu da wuri ba, amma da suka juya manyaton sai ga shuɗin tartsatsi ya yi tsalle. Illo ya yi ihu da Faransanci. Sa'a ta leƙo ta koma.

Saura zobban fistin da sarƙa da buji. Gado ya ba wani direban kamyo karyayyen zobe ya je da shi Yamai. Direban ya yi ta cewa zuwa na gaba, zuwa na gaba, daga ƙarshe ya kawo zobban injin jan ruwa, masu faɗin da mutum zai zura hannu. Ya kuma ɓatar da samfurin. Gado ya tsaya a tasha da zobban a hannu, bai san lokacin da ya jefa su cikin rami ba.

Wani mai fataucin goro ya ce masa ya daina wahalar da kansa, ya ƙetara ƙasar Ingilishi. A Sakkwato, in ji shi, babura sun yi yawa har malaman makaranta na hawa. Gado ya nemi hutu, ya bi ayarin masu goro. A Sakkwato kuwa ya ga abin da bai taɓa gani ba: rumfuna cike da kayan babur, sarƙoƙi na rataye kamar kilishi. Ya kwatanta girman fistin da yatsunsa, mai rumfa ya ce ya gane, ya zaɓo masa zobba uku. Ya sayi buji, wanda can suke kira fulogi, ya sayi sarƙa da notuna cike da aljihu. A iyaka 'yan duwan, wato kwastan, suka tsare shi yini guda suna juya zobban, suna tambaya ko kayan bindiga ne. Bai damu ba. Yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

Illo ya karɓi bujin ya ɗora a raminsa ya juya. Ya shiga zagaye ɗaya ya tsaya. Ya gwada noti, shi ma haka. Ya ɗora sarƙa a kan haƙoran taya, ta hau uku ta ƙi na huɗu. Sai ya ajiye, ya share hannu a wando.

"Awon Ingilishi ne," ya ce. "Ba shi shiga na Faransa. Zarensu daban, awonsu daban."

"Ka san da haka?"

"Kowa ya sani."

"Ka san da haka, kab bar ni nit tahi har Sakkwato?"

"Kai ka tambaye ni? Mai goro kat tambaya."

Gado ya ji kansa ya yi zafi. Ya ce masa tsohon banza mai baƙin ciki, wanda ke son aikin ya daɗe don ya riƙa cin tuwon gidan mutane. Illo ya miƙe. Ya tattara sufanunsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jakarsa ta soja, ya sa hula, ya fita.

Kwanaki suka wuce babur na zaune a zaure hanjinsa a waje. Gado ya gwada haɗawa da kansa, ya yanke yatsa, ya ɓatar da wani ɗan ƙarfe cikin ƙasa, ya yi ta tankaɗe rairayin zaure da rariyar Sa'a. In ya bi ta kasuwa mutane na tambayarsa yaushe za a ji kukan dokin ƙarfe. Ya fara zagayewa ta bayan gari.

Sa'a ce ta gaji. Ta dama fura mai kyau ta sa a ƙwarya, ta ɗora masa a hannu.

"Ka kai mai, ka ba shi haƙuri. Ba don shi ba, ba don kai ba. Zaurena nika so."

Illo ya sha furar tas kafin ya ɗaga ido. Bai ce ya yafe ba, sai ya ce a nemo masa zarto mai laushi da gilashin taga. Washegari ya zo. Ya shimfiɗa yashi mai laushi da mai a kan gilashin ya riƙa goga zobban Ingilishi a hankali, yana gwadawa, yana komawa. Na farko ya karye a hannunsa. Gado ya fita waje don kada ya yi magana. Sauran biyun suka zauna. Bujin kuwa Illo ya haƙura da sabon, ya ƙona tsohon a wuta ya kankare shi har ya yi fari. Sarƙa ta ƙi duk dabara, sai maƙerin gari ya fiƙe haƙoran taya ɗaya bayan ɗaya har suka karɓe ta. Igiyar ba da wuta ta tsinke tun tuni, Illo ya sa ta birkin keke a madadinta. Tana ɗan sarƙewa, amma tana ja.

Abu ɗaya ya gagara, salansa, tulun ƙarfen nan da ke ƙarshen bututun hayaƙi yana shanye ƙara. Tsatsa ta cinye na asali. Gado na taɓa shi ya ruguje kamar busasshen ganye. An tambaya Dosso, an tambaya Birnin Ƙonni, babu. Illo ya harhaɗa wani da gwangwanin man gyaɗa ya ɗaure da waya.

Ranar da za a tayar, rabin unguwa na ƙofar gida. Illo ya taka ya taka har gumi ya jiƙa rigarsa. Gado ya karɓa. Can injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sai ya kama da wata irin ƙara kamar ana harba bindigogi a jere. Gwangwanin ya fice ya daki bangon maƙwabta. Jakuna suka tsinke igiya, mata suka kwashi 'ya'yansu. Gado na tsaye cikin hayaƙi yana dariya, hawaye na zubo masa.

"Sai mun samu salansa," in ji Illo da ƙarfi a kunnensa. "Haka ba shi hita gari."

Amma lokaci ya ƙure. Kaka ta wuce, an ce bushiya ta ɓulla wajen Filinge, kuma Gado ya riga ya aika wa Arɗo Yero roƙo har sau da yawa. Da ƙyar Yero ya yarda zai tara shanun rugarsa a bakin rijiyar da ke gabas da Dogon Kiriya, washegarin kasuwar Dogon Dutsi, kafin su gangara kudu. Ya ce wannan ne na ƙarshe. Maganin kuma ya iso a kamyon ranar kasuwa.

"Ƙara ba ta kashe magani, Kafaran," in ji Gado. "Rana ka kashe shi."

Da asuba ya nannaɗe gorar a jiƙaƙƙen bargo ya ɗaure a baya, ya kama hanya. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Rairayin kwarin ya riƙa kama tayar gaba yana murɗe masa hannu. Ya faɗi a kusa da Matankari, ya tashi ya duba gorar kafin ya duba gwiwarsa. Wani wuri sai ya sauka ya tura, injin na kuka. Ƙauyukan da ya ratsa, mutane na fitowa da gudu wasu na shigewa da gudu. Amma yana tafiya. Ƙauyen da yake kwana in yana kan doki, ya wuce shi hantsi bai gama ɗagawa ba. Ya kai hannu baya ya girgiza gorar, ya ji ƙanƙara na ƙwanƙwasa ƙarfe. Bai taɓa jin wannan sautin a nan ba.

Ya yi niyyar kashe injin daga nesa. Sai dai rijiyar na bayan wani tudun rairayi, kuma ya san in ya sassauta a hawan zai nutse. Ya murɗa wuta har ƙarshe ya haye. Da ya kai bisa sai ga su a ƙasa, jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun cika fili, makiyaya na tsaye da sanduna a kafaɗa. Ya saki wuta. Igiyar birkin keken ta sarƙe, ta ƙi komawa. Babur ya gangara da shi kai tsaye yana aman ƙara.

Shanun suka ɗaga kai gaba ɗaya. Wani bijimi ya juya, sai duk garken ya fashe. Suka tattake shingen ƙaya, suka kifar da kwamin ban ruwa, suka watsu gabas da arewa wutsiya a sama. Makiyaya na kira suna gudu. Gado ya fizge wayar buji, wuta ta ja shi har kafaɗa, babur ya mutu ya kwanta da shi a tsakiyar filin da babu saniya ko ɗaya.

Arɗo Yero dogon tsoho ne mai farin gemu. Ya tako ya tsaya a kansa, ya kalli babur, ya kalli Gado.

"Tun jiya muka tara su," ya ce. Ya juya. Ya gyara sandarsa ya bi sawun shanunsa da sassarfa.

Gado ya zauna a ƙasa. Da yana da ƙarfi da ya ɗaga ƙarfen nan ya jefa a rijiya. Ya tuna Sakkwato, ya tuna tasar Sa'a, ya tuna zagin da ya yi wa Illo. Ga ƙanƙara a gora, ga rana na hawa, babu abin yi wa allura.

Sai ya ji kukan maruƙa. Suna ɗaure a dangwali, doguwar igiyar da ake jera su a kai, sun ja sun ja sun kasa tsinkewa. Wata dattijuwa na tsaye wajensu tana lallashi, zanenta ya jiƙe da nonon da ya kife. Hure ce, uwargidan Yero.

"Kai likita," ta ce, "zamna za ka yi? Waɗanga ba su gudu ba."

"Arɗo bai ce in taɓa su ba, Inna."

"Rabinsu nawa ne. Taho."

Ta riƙa kama kan kowane ɗan maraƙi tana matse shi a cinyarta, shi yana sokawa. Suna gama ɗaya su koma na gaba. Suka bi dangwalin tun daga wannan baki har wancan. Suka ƙara da wasu tsofaffin shanu biyu da ba su iya gudu ba, da 'yan kaɗan da matasa suka fara korowa. Bayan azahar ya girgiza gorar bai ji komai ba. Ya sa yatsa, ruwan ya yi ɗumi.

Sai da la'asar sakaliya garken ya dawo, a gajiye, wata saniya na ɗingishi, wata ƙaya ta yage mata hantsa. Yero ya zo ƙafafunsa duk jini. Ya dubi maruƙan, Hure ta yi masa magana da Fulatanci. Sannan ya nuna garken da sanda.

"To, ga su. Huda."

"Ba ni yi, Arɗo. Maganin ya mutu."

"Magani na mutuwa?"

"In yaj ji zahi, awo, shina mutuwa."

Gado ya buɗe sauran kwalaben ya tsiyaye su a rairayi, Yero na kallo. Tsohon ya juya ya nuna babur da sanda. Ya ce kada Gado ya kuskura ya tada wannan abu a inda saniya za ta ji. Sai dai ya tura shi har bayan tudu na biyu kafin ya tayar.

Haka Gado ya yi. Tura babur a rairayi, a hawa, da gwiwa mai ciwo, aiki ne da bai taɓa yin irinsa ba. Ba wanda ya taimaka masa. Ya kwana a Dogon Kiriya wurin wani ɗan'uwan uwarsa, da safe ya warware igiyar wutar ya shafa mata mai, ya koma gida.

Illo na jin ƙarar tun daga nesa ya rufe rumfa ya tarye shi a ƙofar gida, fuskarsa cike da fara'a.

"Ya kai? Zobban sun riƙe?"

"Sun riƙe."

"Manyato hwa?"

"Komi ya yi aiki, Kafaran. Shanun ne sunka gudu."

Ya ba shi labari a tsaye. Illo ya buɗe baki, da alama zai ce ai ya faɗa, sai ya dubi gwiwar Gado ya haɗiye. Ya tsuguna yana taɓa bututun hayaƙin da ke da sauran zafi.

Yero ya gangara kudu da garkensa a makon. Bushiya ta same su a can, ta kashe manyan shanu da dama. Maruƙan dangwali sun rayu, haka 'yan kasuwar dabbobi suka faɗa wa Gado. Yero bai aiko da godiya ba, bai kuma aiko da zagi ba, kuma shekara biyu bai dawo wajen Dogon Kiriya ba. Wasu rugage dai sun ji labarin maruƙan, suka fara tara shanu in an aika musu, da sharaɗin likita ya zo da ƙafa.

Salansa kuwa sai da wata damina ta zagayo aka samo shi, daga wani babur da ya ƙone a Birnin Ƙonni. Shi ma bakinsa ya fi bututun faɗi. Illo ya cike tsakanin da yankin gwangwani ya ɗaure da waya, ƙarar ta ragu ta koma kamar ta injin niƙa. Duk da haka Gado bai ƙara shiga ruga a kan babur ba. Yakan kashe shi daga nesa ya jingine a gindin adua, ya rungumi gorar ƙanƙarar ya ƙarasa da ƙafa, yana sauri.